Kurakuran da masu son karatun kiɗa a jami'a suka fi yi, da yadda ake gyara su

Ranar da na je gwajin shiga sashen kiɗa a wata jami'a ta kudu, ina tafe ina jin kaina, don a unguwarmu ba a biki sai da ni. Malamai uku ne a zaune, ga fiyano a gefe. Na rera waƙata, suka gyaɗa kai. Sai wata dattijuwa daga cikinsu ta miƙo mini takarda mai layuka biyar-biyar da baƙaƙen ɗigo-ɗigo a kai, ta ce in rera abin da ke rubuce. Na kalli takarda, takarda ta kalle ni. Ta danna sauti biyu a fiyano, ta tambaye ni tazarar da ke tsakaninsu. Na yi zuru. Shekara guda cur wannan takarda ta ci mini.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa ke nan: mutum ya ɗauka zaƙin murya ya ishe shi shiga. Sashen kiɗa ba daga babbaƙu yake fara wa ɗalibi ba. So yake ka zo kana iya karanta rubutun kiɗa ko da da ƙyar, ka san do-re-mi, kunnenka yana bambance sauti, kuma hannunka ya ɗan faɗa a kan abin kiɗa guda. Mu 'yan Arewa a nan ake barin mu a baya, domin yawancin sakandarenmu ba a koyar da kiɗa, alhali wanda za ka zauna kusa da shi a ɗakin gwaji tun yana yaro yake rera waƙa daga takarda a coci. Maganin shi ne ka ware shekara ɗaya kafin JAMB ka nemi malami. Akwai masu kaɗa fiyano a coci-coci a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano, akwai 'yan badujalar soja da na 'yan sanda a bariki, kuma da yawansu suna koyarwa da yamma. Bi tsarin jarrabawar ABRSM ta Ingila mai mataki 1 zuwa 8, ko ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya, a Legas. Wanda ya kai mataki na 5 a ƙa'idojin kiɗa zai shiga ɗakin gwaji gabansa ba ya faɗuwa. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ranar Asabar, yatsu ba sa haddar dare ɗaya. Kiɗa yana cikin darussan da ake iya rubutawa a JAMB, amma duba kundin hukumar da idonka, don haɗin darussan da kowace jami'a ke nema ya bambanta.

Sai zaɓen makaranta da ka. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen kiɗa a Najeriya a 1961, ta Ile-Ife ma tana da nata, makarantar MUSON da ke Onikan kuma tana ba da difloma ta shekara biyu wadda ta fi karkata ga iya kaɗawa. Sashen wasan kwaikwayo irin na ABU Zariya ko na Bayero wani abu ne daban: kiɗa yana ciki, amma ba shi ne ginshiƙi ba. Ɗan Nijar kuwa yana da cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai. Kafin ka cike fom, nemi jerin kwasa-kwasan ka karanta, ka kuma tambayi ɗan aji uku abin da suke yi a zahiri. Za ka tarar da tarihin kiɗan Turai, da haɗa muryoyi huɗu, da nazarin kiɗan Afirka, da waƙar taro wadda ba a tsallake ta, kuma wani kaso mai yawa na abin da ake rerawa a cikinta waƙoƙin coci ne. Gara ɗalibi Musulmi ya san haka tun yana gida, ya yanke shawara da kansa, da ya je ya tarar. Wanda kuma burinsa haɗa kiɗa a sutudiyo ne, ya tambaya ko akwai sutudiyon ma tukuna.

Wasu suna ɓoye wa iyaye abin da suka je karantawa, saboda a gidajenmu da an ce kiɗa sai a ji roƙo. Ƙarya ba ta kai shekara huɗu. Kai wa mahaifinka takardar kwasa-kwasan, ka tafi da kawu ko malamin da yake jin maganarsa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa, wanda ni ma na tafka, shi ne raina abin da ka baro a gida. A aji biyu na koyi haɗa sautuka irin na Turawa, kaina ya kumbura. Na tsara wani kari mai daɗi a fiyano, na ɗora masa baitocin Hausa, na zo hutu na rera wa wani tsohon makaɗin kalangu da ke bayan layinmu. Akwai inda na ce zuciya tana kuka, karin kuma ya gangaro ƙasa a gaɓar ƙarshe. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaro, zuciyar taka miya za ta yi ne?"

"Baba, me aka yi?"

"Kukar miya ka faɗa. Kukan hawaye ba ya sauka, a sama yake tsayawa."

Ya matse kalangu a hammata, ya buga kalmomin biyu ɗaya bayan ɗaya, na ji bambancin raɗau. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, karin waƙa dole ya bi karin magana, in ba haka ba ma'ana ta karkace. Shi ya sa kalangu yake magana. Galibin waƙoƙinmu na gargajiya kuma a kan sautuka biyar suke tafiya, ba bakwai ba, kuma amshi ne ƙashin bayansu. Ba lalle malaminka na jami'a ya san wannan a Hausa ba, kai ne za ka kai masa. Don haka duk hutu ka nemi mai goge ko kukuma, mai garaya ko gurmi, ka zauna gabansa kamar yadda yaran makaɗa ke yi: ka ɗauki kaya, ka yi amshi, ka sallame shi da abin kirki. In za ka naɗi sautinsa ka nemi izini. Ka rubuta abin da ka ji da rubutun kiɗan da aka koya maka. Masu kaɗa fiyano sun yi yawa a ajinku, amma da wuya a samu na biyu da zai iya rubuta kiɗan kotso, ga shi kuma kundin kammala digiri ya samu tun kafin a tambaye ka.

Akwai masu jiran kwali kafin su fara aiki. Babu ango ko daraktan fim da zai ce ka nuna masa sakamakon jarrabawa, cewa zai yi kunna mu ji. Tun daga aji ɗaya ka koyi manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta irin FL Studio ko Cubase, ka saba da fiyanon Yamaha PSR da sutudiyoyin Kano suka daɗe suna aiki da shi, ka riƙa tara ayyukanka masu tsabta a wuri guda. Kuma kada ka rataya rayuwarka a kan zama tauraro. Masu cin abinci da kiɗa hanyoyi uku ko huɗu suke haɗawa: koyarwa, kiɗan da ake sa wa fim, tallar rediyo, biki, tace sauti, aikin badujala. Mai son koyarwa ya nemi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa. Waƙar siyasa tana da maiƙo, amma damina ce mai zuwa bayan shekara huɗu, kuma wani lokaci da ita ake rufe maka ƙofofin da ba za su sake buɗuwa ba.

Ka kula da kunnenka. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana iya yin lahani in aka jima cikinta awa takwas, lasifikar biki kuwa ta wuce nan nesa. Abin toshe kunne ba shi da tsada.

Saura maganar takarda, wadda kunya take hana mu yi. Waƙa ɗaya haƙƙi biyu gare ta: na wanda ya tsara baiti da kari, da na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa. Wani ƙanena a sana'a ya biya kuɗin sutudiyo, ya yi waƙarsa, bayan wata biyu ya gan ta a tashar YouTube ta wani, tana tara masu kallo, ba abin da zai nuna sai "ai mun yi magana". Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka naɗa kuma shekara 50 daga fitar da shi, amma sai ka iya nuna taka ce. Buɗe tasha da sunanka, kuma asusun da za ka tura waƙa Audiomack da Boomplay da Spotify ya zama lambar sirrinsa tana hannunka kai kaɗai. YouTube yana raba kuɗin talla ne bayan mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, saboda haka duk waƙar da ka bari a tashar wani, shi kake gina wa. Yi rajista da ƙungiyar karɓar haƙƙi irin MCSN, in a Kano kake aiki kuma ka san ƙa'idojin hukumar tace finafinai, don mawaƙa ma suna ƙarƙashinta. Kafin kowa ya bar sutudiyo a ɗauko takarda guda a rubuta sunan waƙar, da ranar, da wanda ya yi baiti, da wanda ya haɗa kiɗa, da 'yan amshi, da kason kowa, da wanda ya mallaki sautin. Kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hotonta a wayarsa.