Yadda na gyara sayayyar kayan hidima a kamfaninmu

Kamfaninmu yana da rassa a ƙasashe da dama, kuma kowane reshe yana sayen abin da ya ga dama: takardu, lasisin manhaja, tikitin jirgi, kwangilar shara. Da yake ba kayan da muke sarrafawa ba ne, ba wanda ya sa musu ido.

Na fara da tattaro rasitan shekara guda. A nan ido ya raina fata. Dillali ɗaya an rubuta sunansa iri uku, kowane reshe da farashin da aka yanka masa. Wata manhaja kuwa muna biyan kuɗinta duk wata, alhali masu amfani da ita sun bar aiki tuni. Na haɗe sunayen, na kasa sayayyar rukuni-rukuni, kowane rukuni da mutum ɗaya da za a tuhuma.

Sai doka: ba takardar oda, ba biya. Akanta ba ya sakin kuɗi sai oda da shaidar karɓar kaya da takardar neman biya sun yi daidai.

An yi ta gunaguni, kuma da gaskiyarsu, don har biro na ce sai da oda. Daga baya na mayar da ƙananan kaya kan katin kamfani mai ƙayyadadden kuɗi.