Yadda mai zane a Kano zai sarrafa haske irin na Caravaggio

Caravaggio, mai zane ɗan ƙasar Italiya wanda aka haifa a Milan a 1571 ya rasu a 1610, ya yi suna a Rum saboda yadda yake fito da mutum daga duhu da haske ɗaya tak. Mai son gwadawa ya samu soro mai ƙaramar taga a sama, ya rufe ƙofa, ya zaunar da wanda zai zana inda hasken hantsi zai bugi gefen fuskarsa. Ya fara shafe allon da launin ƙasa mai duhu, sannan ya ɗora fenti mai haske a goshi da kunci da hannu. Kada ya ɓoye tamoji ko kaushin ƙafa, domin Caravaggio talakawa yake zanawa yadda suke. Da hunturu hazo yana dusashe haske, gara a jira ya washe.