Kafin ki kai yaron asibiti, ɗauki bidiyonsa

Assalamu alaikum iyaye mata. Ganin yadda ake yawan tambaya kan yaran da suka makara wajen magana, na ce bari in faɗi abin da ya taimake mu.

Ɗana ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko "Mama ruwa" babu. Sai ya kama hannuna ya kai ni gaban randa, ba ya nuni da yatsa, in kira sunansa ba ya waiwayowa. 'Yan uwa suka yi ta cewa namiji ne, zai yi. Wallahi jiran nan ya ci mana watanni.

Fara da gwajin ji. Domin wani yaron matsalarsa kunne ce, ba otizim ba, wato larurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa tana nan cikin Kaduna. Daga nan likitan yara, kamar a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, shi zai tura ku gaba idan da buƙata.

Amma abin da na fi so ki riƙe: yaro a gaban likita yakan rikice, ko ya yi ta kuka. Kwana bakwai kafin ranar, ki riƙa ɗaukarsa a waya yana wasa, yana cin abinci, kina kiransa daga baya. Ki rubuta kalmomin da yake faɗa, da waɗanda ya taɓa faɗa ya daina. Wannan na ƙarshe likitoci suna ɗaukarsa da muhimmanci ƙwarai.

Allah Ya buɗe bakin yaranmu.