Yadda ake tara mutum-mutumin jaruman komik ba tare da an karya su ba

Da yawa daga cikin sababbin masu tara mutum-mutumin Batman da Spider-Man da ire-irensu a ranar farko suke tafka asara. Mutum ya buɗe kwali cikin ɗoki, ya kama hannun jarumi zai lanƙwasa, ya ji ƙas. Shi ke nan. Don haka a kan ranar farkon nan zan fi tsayawa, amma akwai abubuwa biyu da za ka yanke kafin kuɗi ya bar aljihunka.

Na farko, zaɓi girma ɗaya ka tsaya a kansa. Mai inci 6, wato kashi ɗaya cikin 12 na tsawon mutum, shi ne ya fi yawa: a nan ake samun jerin mutum-mutumin Marvel Legends, wanda kamfanin Toy Biz ya fara a 2002 kafin Hasbro ya karɓa a 2007, da MAFEX na Medicom da S.H.Figuarts na Bandai, su biyun daga Japan. DC Multiverse da McFarlane ya fara fitarwa a 2020 inci 7 ne. Kada ka raina inci ɗayan nan. Ka jera Batman na McFarlane kusa da Captain America na Hasbro, za ka ga ɗaya ya yi wa ɗaya rata, kantar da ka jera su ta yi muni. Masu inci 12 irin na Hot Toys kuwa, sabon shiga ya bar su tukuna. Suna cin wuri, suna cin kuɗi, kuma kayan jikinsu na yadi ne mai son lallashi.

Na biyu, zaɓi gida ɗaya: X-Men kaɗai, ko Batman da abokan gabarsa. Kamfanoni sun san raunin masu tarawa. Tun 2005 Marvel Legends ke da dabarar saka gaɓa ɗaya ta wani babban jarumi a kowane kwali, sai ka sayi jerin duka kafin ka harhaɗa shi. Da Galactus aka fara. Haka mutum zai sayi shida alhali biyu yake so. In babban kake buƙata, nemi gaɓoɓin a hannun masu sayar da na hannu, ya fi sauƙi. Ni a ganina da Marvel Legends ya kamata kowa ya fara, domin kuɗin MAFEX ɗaya zai sayi uku ko fiye, kuma robarsu ta fi jure hannun ɗan koyo. In ka ga MAFEX ko Figuarts sabo fil a farashin da bai kai rabi ba, jabu ne. Araha ba ta ado: fentin fuska a karkace, gaɓoɓi ko sun yi sako-sako ko sun ƙi motsi.

To, kwali ya iso. Kada ka lanƙwasa komai tukuna.

Dalilin da gaɓa ke ƙin motsi shi ne fenti. A masana'anta ana fentin wasu sassan sannan a haɗa, fentin ya bushe a cikin gaɓar ya liƙe ta. Abin da ya haɗa hannu da kafaɗa kuwa ɗan siririn turke ne na roba. In ka matsa da ƙarfi, ba fentin ne zai saki ba, turken ne zai murɗe ya tsinke. Sanyi yana ƙara tsananta wannan, domin roba mai sanyi ba ta da sassauci.

Maganin zafi ne. Zuba ruwa mai zafi a kofi, wanda bai tafasa ba, kimanin digiri 60 zuwa 70. Tsoma gaɓar ta yi daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya. Ka fito da ita, ka riƙe ta da yatsu biyu dab da inda take lanƙwasawa. Wannan ne kuskuren da na fi gani: mutum ya kama tafin hannu yana son motsa kafaɗa, duk ƙarfin ya tafi kan turken. Kama kusa, ka motsa kaɗan gaba, kaɗan baya, har ka ji ta saki. In ta ƙi, mayar da ita ruwa. Sau uku ma ba laifi ba ne.

Kafin ka motsa, duba da kyau ka ga ta wace fuska gaɓar ke lanƙwasawa. Kafaɗa da wuyan hannu da idon sawu galibi faifai ne da ke tafiya ta hanya ɗaya, a kan turke mai juyawa. Sai ka juya shi ya fuskanci inda kake so, sannan ka lanƙwasa. Da yawa suna danna faifan ta gefen da ba ya tafiya, suna zaton tauri ne. Kuma da zarar ka ga robar ta fara yin fari a wani wuri, tsaya cak. Farin nan alama ce ta kusa tsagewa.

Wurare biyu na fi jin tsoro. Wuyan hannun na Japan, inda ake canza tafin hannu: turkensa bai fi tsinken ashana kauri ba. Ɗumama tafin, ka ja shi a miƙe, kada ka karkata. Sai kuma roba da haske ke ratsawa kamar gilashi, irin ta Iceman, jarumin ƙanƙara na X-Men, wadda ta fi sauran saurin fashewa. Mai kayan yadi ko batir ko ƙarfe a jiki ba a tsoma shi a ruwa. Na'urar busar da gashi za ka yi amfani da ita, daga nesa, kana kaɗa ta. Ka bi gaɓoɓin duka ɗaya bayan ɗaya a ranar, har waɗanda ba ka da niyyar motsawa.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Wajen tsayarwa, fara daga ƙafa: tafin sawu biyu su kwanta sosai a ƙasa, sannan ka gyara ƙugu da kai, hannuwa a ƙarshe. Mai tashi sama ko tsalle a saya masa sandar tsayarwa. Gaɓar da ta yi sako-sako, ɗigo ɗaya na man goge daɓe mai ƙyalli ya isa, ka motsa ta, ka bar ta ta kwana. Sufa gulu bai da wuri a nan, yana ƙame gaɓa kuma ya bar farin tabo.

Nisanta kantar jarumanka daga taga, rana tana kashe launi tana mayar da farar roba rawaya. Ƙura kuma burushin kwalliya mai laushi ya ishe ta. Ƙananan tafukan hannu da kawuna da makamai, kowane jarumi da 'yar ledarsa da sunansa a jiki. Masu barin su a kwali a rufe shekara da shekaru su sani cewa roba mai laushi tana fitar da maiƙo in ba ta shan iska, har jiki ya yi danƙo. In haka ta faru, ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanoni, a shanya a inuwa.