Darasi na Bakwai: Yadda Mahayi Ke Sauya wa Doki Tafiya

Doki yana da tafiya iri huɗu, kuma kunne yana iya rarrabe su tun kafin ido. A tafiyar hankali ana jin bugun kofato huɗu. A sassarfa ana jin biyu, domin ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu tare suke sauka. A zagaraftu ana jin uku, sannan a sukuwa su koma huɗu a jere da sauri.

Idan kana so doki ya tashi daga tafiyar hankali zuwa sassarfa, ka miƙe bayanka a kan sirdi, ka matse cikinsa da ƙafafunka biyu a daidai majanyi, wato ɗamarar da ke ɗaure sirdi a cikin doki, ka ɗan saki linzami domin ya samu hanyar wucewa. Wanda ya matsa da ƙafa kuma ya ja linzami a lokaci guda ya ba dokinsa umarni biyu masu karo da juna, shi ya sa wasu dawakan ke turjewa ko su yi tsaye da ƙafafun baya.

Shiga zagaraftu ya fi buƙatar natsuwa. In za ka karkata hagu, ka zauna daram, ka bar ƙafarka ta hagu a kan majanyi, ka ja ta dama baya kaɗan ka matsa da ita, saboda da ƙafar baya ta dama dokin zai fara ɗagawa. Da zarar ya amsa, sai ka sassauta matsin nan take, domin sassautawar ce ke koya masa cewa ya yi daidai. Kaimi da bulala na dokin da ya ji ya ƙi ne.

Wajen rage gudu, zama ne ke fara magana. Ka nauyaya jikinka a sirdi, ka daina bin motsinsa da ƙugu, sannan ka ja linzami ka saki, ka sake ja ka saki. Linzamin da muka gada mai zobe yana da zafi ƙwarai, kuma fizga ɗaya tana iya fasa bakin doki, ko da yake samari na son zamiya, wato tsayar da doki kwatsam yana cikin gudu, a gaban jama'a ranar Sallah.

A nan Mai Wurno da kewayen Sinnar a ƙasar Sudan, baƙar ƙasarmu tana tsattsagewa da rani, kofato na iya faɗawa cikin tsaga. Saboda haka ka zaga filin da ƙafa ka duba shi kafin ka gwada sukuwa a kansa.