Ga masu jagorantar motsa jikin masu ciwon sukari da hawan jini

Jama'a, ku riƙa ware minti goma na kowane zama don batun abinci. Darasi ɗaya tak a rana, in aka cika su mantawa ake yi.

Ku fara da faɗuwar sukari, ita ce ke kayar da mutum ana tsakiyar atisaye. Mai allurar insulin ko shan ƙwayar maganin sukari ta glibenclamide ya auna sukarin jininsa kafin atisaye. In bai kai 90 mg/dL ba, ya ci abin da ke ɗauke da sitaci ko sukari giram 15 zuwa 30, domin tsoka na zuƙe sukari, magani kuma yana ta aikinsa. Da an ji makyarkyata, zufa mai sanyi ko jiri, a tsaya. In an auna sukarin ya gaza 70, a dama babban cokali ɗaya na sukari a ruwa a sha, a sake aunawa bayan minti 15. Ban da cakulan, maiƙonsa na jinkirta tashin sukarin. Wanda ya suma kuwa, don Allah kada a ɗura masa komai, sai asibiti.

Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya. Mai ciwon ƙoda ya guji gishirin potassium, wanda ake amfani da shi a madadin gishirin abinci, sai da izinin likita.