Yadda Ake Auna Ingancin Jinya a Babban Asibiti, da Yadda Ake Gyara Ta

Asibiti yana iya cika maƙil, kowane gado da mai shi, ma'aikata ba sa samun zama, amma jinyar da ake bayarwa ba ta tsare rai. A 2018 wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, mutum miliyan 8.6 ke mutuwa duk shekara daga cututtukan da jinya za ta iya magancewa. Miliyan 5 daga cikinsu sun je neman magani, jinyar ce ba ta yi kyau ba. Saboda haka shawo kan mace ta taso daga ƙauyen Shanga ko Bagudo a Jihar Kebbi ta haihu a asibiti rabin aiki ne. Sauran rabin yana cikin ɗakin haihuwa, kuma ma'aikatan ɗakin za su iya auna shi da kansu, da takarda da biro da agogo.

Tun 1966 Avedis Donabedian, wani likita mai bincike kan ingancin jinya, ya raba inganci gida uku: abin da asibiti ke da shi (gadaje, ma'aikata, magani, wuta, ruwa), abin da ake yi wa mara lafiya, da kuma yadda ya ƙare. Rahoton wata-wata da ake turawa ta DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, ya fi ƙarfi wajen ƙirga kawuna: mutum nawa suka zo, nawa suka haihu, nawa suka rasu. Yana da amfaninsa, amma gyara a gida na biyu yake.

Adadin mace-mace shi kaɗai yana ruɗarwa

Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi su ne ke karɓar waɗanda cutarsu ta gagari ƙananan asibitoci. Dole mace-mace su fi yawa a wurinsu ko da aikinsu ya fi na kowa kyau. Asibitin da ke tura duk mai tsanani gaba kuwa, rajistarsa fes take. Akwai kuma waɗanda dangi ke sa hannu su ɗauke idan sun ga jiki ya yi nisa ko kuɗi ya ƙare. Suna cikawa a hanya ko a gida, ba sa shiga lissafi. Ga yanayi: ɗakin yara a watan Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi ƙamari, ba a kwatanta shi da na Fabrairu. Sannan a asibitin da mata biyu suka rasu wannan wata, uku wata mai zuwa, ba za a ce abu ya lalace ba, lambobin sun yi ƙanƙanta.

A ci gaba da ƙirga mace-mace, amma a ajiye ƙirge biyu kusa da shi: waɗanda aka tura gaba da waɗanda aka sa hannu aka ɗauke. A kuma ware waɗanda suka rasu cikin awa 24 da zuwansu. Waɗannan suna nuna jinkirin isowa da kuma yadda ake karɓar mai larurar gaggawa. Waɗanda suka rasu bayan haka sun fi nuna yadda ake kula da mutum a kan gado.

Zaɓen abin da za a auna

Kada a wuce ma'auni huɗu ko biyar a sashe guda. A zaɓi abin da ke kashe mutane da yawa, wanda maganinsa sananne ne, kuma gyaransa na hannun ma'aikatan asibitin. A ɗakin haihuwa: cikin matan da suka haihu, nawa aka yi wa allurar oksitosin (mai hana zubar jini) awo 10 cikin minti ɗaya da fitowar jariri, cikin masu jijjiga, nawa suka samu cikakkiyar allurar farko ta magnesiyam salfet, wato giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, da kuma minti nawa ake ɗauka daga lokacin da likita ya yanke shawarar tiyatar gaggawa zuwa lokacin da aka ciro jariri. A ɗakin yara: nawa aka ɗora a sikeli kafin a rubuta magani, nawa aka auna wa iskar oksijin a yatsa, aka kuma sa wa oksijin idan ta yi ƙasa da kashi 90 cikin ɗari, da minti nawa tsakanin isowar yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da allurar maganinsa ta farko, wato atesunet.

Maganar sikeli ba ƙarama ba ce. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi atesunet miligiram 3 a kowane kilo, wanda ya kai ko ya wuce kuma 2.4, nan take, sai bayan awa 12, sai bayan awa 24. Idan da ido aka ƙiyasta nauyi, duk lissafin ya tashi a banza. Allurar awa 12 ce ta fi salwanta, domin sau da yawa cikin dare take faɗowa.

Kowane ma'auni a rubuta shi a jimla guda da ba ta da harshen damo: wa ake ƙirgawa a ƙasa (duk waɗanda ya kamata a yi wa abin), wa ake ƙirgawa a sama (waɗanda aka yi wa), kuma daga wace takarda. Idan ungozoma biyu suka duba folda guda suka samu amsa daban, ma'aunin ne bai fito ba, a sake rubuta shi.

Agogo da folda ashirin

Yawancin ma'aunan nan na lokaci ne, don haka kafin komai a rataye agogon bango a wurin karɓar marasa lafiya, da ɗakin haihuwa, da ɗakin tiyata, da ɗakin gwajin jini, a saita su daidai da juna kowace Litinin. A rubuta lokacin isowa a kati tun a ƙofa, ba bayan an buɗe folda ba, domin jiran buɗe foldar ma wani ɓangare ne na jinkirin.

Ba sai an duba kowace folda ba. Ashirin a mako sun isa. Idan mata 60 suka haihu a makon, a ɗauki kowace ta uku a rajista. Kada a bar wani ya zaɓo da hannu, domin hannu na kaiwa ga foldar da aka cika da kyau. A tabbatar akwai na dare da na ƙarshen mako a ciki. Larurar da ba ta da yawa, kamar jijjiga da tiyatar gaggawa, a ɗauke ta duka. Foldar da ta ɓata a rubuta "ba a gani ba", kada a maye gurbinta. Yawan ɓatan folda shi ma sakamako ne. Fom ɗin ya zama shafi ɗaya, layi guda ga kowane mara lafiya, da lambar kati ba suna ba. Mutum biyu su yi aikin, ɗaya daga sashen, ɗaya daga wani sashe. Awa ɗaya yakan ishe su.

Abin da ba a rubuta ba, a ƙirga shi a matsayin ba a yi ba. Ma'aikata za su yi ƙorafi, kuma wani lokaci da gaskiyarsu. Shi ya sa a makonnin farko lambobi kan tashi don kawai rubutu ya gyaru. Akasin haka ma na faruwa: a cika takardar bibiyar naƙuda tsaf bayan an haihu. Maganinsa shi ne sau ɗaya a wata wani ya tsaya ya ga haihuwa biyar da idonsa, ya kwatanta da abin da ke folda.

Auna jini, ba kallonsa ba

Babu misalin da ya fi wannan nuna cewa awo shi kansa magani ne. Ana cewa mace ta yi zubar jini bayan haihuwa idan ta zubar da mililita 500, mai tsanani kuma daga 1,000. Ido yana rage adadin, musamman idan jinin ya jiƙe zani da katifa. Binciken E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023, an yi shi ne a asibitoci kusan 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa wa mace leda mai aljihu da ke da layukan awo da zarar ta haihu. Idan jini ya kai layin mililita 500, ana yin komai tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, oksitosin, allurar tiranekzamik mai tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba gaban mace ko akwai yagewa, da kiran na gaba idan bai tsaya ba. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta ta tsaya a kashi 1.6 cikin ɗari a asibitocin da aka yi haka, alhali ta kai 4.3 a waɗanda ba a yi ba.

Ga mai auna inganci, tambayoyi uku ke fitowa daga nan. An auna jinin? An ba da duka magungunan cikin minti 15 da ganowa? An ba da tiranekzamik giram 1 kafin awa 3 da haihuwa, tun da bayan nan amfaninsa ya tafi? A haɗa da firij. Oksitosin na son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma zafin Afrilu a Jega ko Argungu yana rage masa ƙarfi idan ya daɗe a kan tire. A sa ma'aunin zafi cikin firij, a rubuta safe da yamma. Folda za ta iya nuna an yi wa kowa allura, amma allurar ta riga ta lalace.

Karanta lambobin

A manna babbar takarda a bangon sashen, makonni a kwance, kashi cikin ɗari a tsaye, a ɗiga ɗigo duk mako. Bayan mako goma zuwa sha biyu, a jera lambobin daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiya, a ja layi a kansa. Ɗigo shida a jere a gefe ɗaya na layin, ko biyar a jere suna hawa ko suna sauka, shi ne alamar canji na gaske. Abin da bai kai haka ba hawa da sauka ne na yau da kullum, kada a yi faɗa a kansa, kada a yi murna. Ga ma'aunin lokaci ma a yi amfani da lambar tsakiya, domin mace ɗaya da ta jira awa tara za ta jirkita lissafin tarawa da rabawa.

Daga awo zuwa gyara

Ruwa ba ya tsami banza. A ce, a misali, lambar tsakiya ta jiran tiyata ta nuna awa uku, alhali mizanin da aka fi amfani da shi ga wadda ranta ko na jaririnta ke cikin haɗari shi ne minti 30. A bi mata goma taki-taki, a rubuta lokacin kowane mataki: yaushe aka samu mai sa hannu, yaushe dangi suka sayo kaya, yaushe aka samu jini, yaushe mai sa barci ya iso, yaushe aka tayar da janareta. Kusan kullum mataki ɗaya ko biyu ne ke cinye yawancin lokacin, kuma ba lallai su ne waɗanda ake zargi a taro ba.

Taura biyu ba ta taunuwa. A gwada gyara ɗaya, a ƙaramin wuri, na ɗan lokaci. Idan sayen kaya ne matsalar, a haɗa ƙunshin tiyata guda uku a ajiye a hannun shugabar ɗakin haihuwa, a yi aiki tukuna a biya daga baya, a gwada mako biyu, a rubuta tun farko abin da ake sa ran gani. Idan sa hannu ne, a fara maganar tun wajen awon ciki, a rubuta lambar wayar maigida da ta wani babba da zai iya tsayawa a madadinsa. Inda irin wannan ƙunshi ke mutuwa shi ne rashin wanda zai mayar da abin da aka ɗauka. A sa sunan mutum guda da ranar dubawa a jikin akwatin. A kuma sa ido kan abin da gyaran zai iya ɓatawa: idan an gaggauta tiyata, a ƙirga raunukan da suka yi ruwa.

Takardar tantance tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai abubuwa 19, ta rage mace-mace daga kashi 1.5 zuwa 0.8 a asibitoci takwas da aka gwada ta, a rahoton 2009. Amma da baki ake karanta ta, kowa na ji, kafin barci, kafin yanka, da kafin a fita. Idan bayan an gama ake cike ta, takarda ce kawai.

Bitar mutuwa da muryar mai jinya

Tsarin bibiyar mutuwar mata masu ciki da jarirai na ƙasa ya tanadi a sanar da mutuwar uwa a asibiti cikin awa 24, kwamiti ya zauna a kanta ba tare da kama suna ko ɗora laifi ba. Ranar da aka tsawata wa nas a gaban jama'a saboda abin da ta rubuta, daga ranar folda za ta daina faɗin gaskiya. Kowace bita ta ƙare da aiki ɗaya ko biyu, da mai yi, da rana, kuma zama na gaba ya buɗe da tambayar ko an yi. A riƙa duba waɗanda suka sha da ƙyar ma. Sun fi yawa, kuma suna nan da bakinsu.

A tambayi mutum goma duk mako bayan sallama, a wajen ƙofa, ta bakin wanda ba ma'aikacin sashen ba, mace ta tambayi mace. An gaya miki abin da ke damunki? An yi miki tsawa? An rufe miki labule? Me kika saya a waje, nawa kika kashe? Kin san alamar da za ta sa ki dawo? A Zuru a samu mai jin Dakarci, a Yawuri mai jin Kambarci, a yankin Dandi mai jin Zabarmanci, kuma kusan ko'ina a samu mai jin Fulatanci, domin "lafiya lau" ta kunya ba amsa ba ce.

Idan ana son wallafa sakamakon a matsayin bincike, a nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara tattarawa, ba bayan an gama ba. Fom ɗin da aka cike su zauna a kabad mai makulli, kuma idan aka yi wa mai riƙe da su canjin wurin aiki, ya miƙa su hannu da hannu tare da takardar bangon kafin ya tafi.